Gida Uku Zuwa Gada

Dundee, ƙarfe huɗu, rana ta riga ta tafi.
Fitilun gadar Tay na kunnuwa ɗaya bayan ɗaya,
mu biyar a benen tsohuwar masaƙar buhuna
muna gardama kan wata maharbiya
wadda ba ta taɓa shaƙar iska ba.

Fergus ya ce: minti tara.
A ɗauke filin yaƙi, a kawo fim,
ruwa na bin gashinta, goge na kuka,
kyamara ta kewaye ta sau biyu
kafin kibiya ta same ta a wuya.
Wata bakwai ya yi yana gyaran hawayen nan,
ɗigo-ɗigo,
har matarsa ta daina ajiye masa abinci.

Na ce: Fergus, awa talatin mai wasa na kiwon ta.
Shi ya saya mata baka da kuɗin da ya hana barde,
shi ya ɓoye ta bayan dutse a yaƙi na shida,
ya kashe, ya kunna, sau goma sha ɗaya
don kada ta faɗi.
Yanzu ka ce ya ɗora hannu a cinya
ya kalli yadda za ka yanka masa ita?

Kakana a Gumel in yana dara
ba ya tsayar da wasa ya ba ka labari.
Labarin na cikin tsinken da ya ɗaga,
ya riƙe a sama,
ya mayar inda yake.

Ishbel mai riƙe da asusu ta ce mu daina cika mata kunne,
a gwada duka biyun.

Asabar aka kawo Dougal, direban bas,
rigarsa jiƙe, gurasarsa a takarda.
Fim ya fara. Goge ya ja numfashi.
Daƙiƙa ta huɗu ya danna tsallake
yana lasar yatsa.
Fergus ya juya yana kallon taga
kamar akwai abin gani a kogi.

Sai nawa.
Ba kiɗa. Fili na nan yadda yake, gida-gida,
maƙiya goma sha biyu a hayin ruwa,
ƙaramin akwati a ƙasan allo, ta ce:
"In na tsaya a gadar, za ku wuce."
Shi ke nan.
Gida uku suka yi shuɗi a gabanta.

Dougal ya ajiye gurasa.
Shayinsa ya huce.
Na ƙirga a agogon bango: minti goma sha ɗaya,
ya fi fim ɗin tsawo.
Na fara murmushi ta gefen baki,
ina jin Fergus na ji.

Sai ya bar ta inda take.
Ya koma can baya, ya ɗauko tsohon kuku,
mai ludayi, mai ƙarfin sauro,
wanda na saka don kawai a yi dariya,
ya taka da shi gida, gida, gida,
ya tsayar da shi kan gada.

Tsoho ya faɗi. Runduna ta wuce.
Akwatin magana bai buɗe ba,
don ban rubuta masa ko harafi ba.

Dougal ya cire tabarau.
Ya ce: me ya sa bai ce komai ba?
Tun yaƙin farko yake dafa mana.

Ba wanda ya amsa.
Injin ɗumama ɗaki na ta ƙwanƙwasa.

Ƙarfe goma sha ɗaya, bas na ƙarshe ya wuce mu.
Ina neman kalma bakwai da kuku zai faɗa,
na goge arba'in.
Fergus na zana masa fuska mai girman kwabo,
wadda za ta zauna a gefen fili
ba tare da ta ture kowa daga wasa ba.

Ya ce, ba tare da ya ɗago ba:
zan ara masa hawaye daga wancan.
Na ce: ɗaya.
Ya ce: ɗaya.