Giginya ta Nuna a Dass

Ƙanena Haladu ya dawo daga karatu
da jaka biyu da labari ɗaya.
Wai a can akwai ɗan itace, duriyan,
jikinsa ƙaya kamar bushiya,
warinsa ya sa ba a shiga mota da shi,
amma in ka daure ka kai baki
sai ka manta sunan garinku.
Na ce, to, ka manta ɗin?
Ya yi dariya.
Na ce, sa takalminka, yau kasuwa ke ci.

Bazara ce. Dutsen Mbula ya ɗau zafi,
hadari na ta alkawari tun shekaranjiya.
Muka ratsa layin masu masa,
inda Ladiyo ke juya tanda
ba ta kallon hannunta, tana kallon wanda bai biya ba.
Masa shida, garin ƙuli, miya ta malalo gefen kwano.
Haladu ya nemi cokali.
Ta dube shi daga hula har ƙasa,
ta miƙa masa buta.

Kanya ta wuce, ɗinya ba ta iso ba.
Yara sun sha ɗorawa, bakunansu rawaya har hanci.
Mai tsire na fifita wuta da guntun kwali,
mai nono ta yi barci a zaune, kanta a kan faifai.

Sai ƙamshin ya tare mu,
tun ba mu ga tarin ba.
Ƙamshi mai nauyi, mai zama a wuya,
wanda wasu ke toshe masa hanci,
wasu kuma su tako daga ƙauye saboda shi.
Iya Tabawa ta zaɓi wadda ta faɗo da daren jiya,
ta buga ta a dutse sau uku, ta yi laushi,
ta ce, haƙori ne wuƙarta, ɗan nan.

Ya ɓare. Ya ja. Ruwan ya bi guiwar hannu,
ya ɗiga a farar rigarsa.
Ƙudaje suka zo gaisuwa.
Zare ya maƙale masa tsakanin haƙora,
bai ce komai a kan duriyan ba.

Tsohuwar ta kare rana da tafi, ta ƙura masa ido.
Ashe ɗan Kyallu ne?
Ga dutsenta nan, ba wanda na bari ya zauna.
Shekara sha ɗaya muna kafaɗa da kafaɗa.
Ita ke riga kowa zuwa fadama,
da fitila, da asuba, kafin awaki su farka.
Ba ta taɓa shan mai kyau ba,
sai wadda ta fashe.
Kuɗin kuwa a gwangwanin madara, wai na littafin Haladu.

Ni na buga masa waya a shekararsa ta biyu.
Layin na yankewa, na faɗa sau uku kafin ya ji.

An ce inuwar giginya na nesa ka sha ta.
Da, gori nake jin maganar.
Yau na ga na nesan a tsugune gaban dutse,
da ƙwallo a hannu, ya tsotse shi har ya yi fari,
yana ta juya shi, ya rasa inda zai ajiye.

Ya sayi goma. Iya ta ƙara biyu, ta ƙi karɓar na biyun.
A motar komawa direba ya yi tsaki,
ya sauke gilashi, ya ce wa ya shigo mana da giginya?
Haladu ya ce, ni ne.
Ya gyara buhun a kan cinyarsa.
Har muka wuce gada
harshensa na neman zaren nan,
na ba shi tsinke, ya sa a aljihu.