Injin Tiga a Ƙofar Ruwa

Daga Tiga Barau ya ɗauko shi a buhu,
tsohon injin kwalekwale, ya girmi ɗansa na fari.
Ƙofar Ruwa ba ta da kogi,
sai na cika duro da jarka shida,
na rataya shi a baki.

Ja ɗaya, shiru. Ja biyu, tari.
Na uku ya kama, ruwa ya tafasa,
kafin in goge hannu ya mutu.

Fulogi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
na kankare, na hure, na mayar.
Ya sake mutuwa.
Na wanke kafireta a gwangwanin madara.
Ya sake.

Barau na tsugune yana ƙirga kwanakin da bai jefa koma ba.

Bayan la'asar na murɗa murfin tanki,
ya ja numfashi kamar mai nutso ya taso.
Ashe zanzaro ne ya yi gini a 'yar kafar iska.

Tsinken tsintsiya ya gama aikin.
Injin ya yi ta ruri har magariba.

Barau ya ce, nawa?
Na dubi tsinken, na dubi sifanonina.
Na ce ya tuna da ni ran da tarwaɗa ta yi yawa.