Majanyi

Da hantsi muka bar Gombe za mu Kumo,
ni a sitiyari, Goggo Dudu a gefena,
jikanta Nafi'u a cinya yana shan rake.
Buhu biyu na masara na ɗaure a baya,
na ja igiya, na ƙulle, na sake ja.
Akuyar Malam Bappayo ma na ɗaure ta tamau,
kada ta karye a ce ni zan biya.
Yaro kuwa, hannun kaka kawai.

Bel ɗina yana rataye, ya yi ƙura.
Na jami'an hanya ne, ba nawa ba:
in na hango su, in yafa shi a ƙirji,
in na wuce, in sake shi ya koma gida.

Na ce, "Goggo, da kun koma baya."
Ta ce, "Tara na goya, wanne ya faɗi?
Hannun nan ya fi igiyar mota."
Na yi dariya. Wa zai ja da Goggo?

Daga cikin karan dawa saniya ta ɓullo.
Ban san na taka birki ba
sai da na ji ƙaurin taya.
Masara ba ta motsa ba.
Akuya kuka kawai ta yi.
Nafi'u ne ya suɓuce
kamar sabulu a hannun mai wanka,
goshinsa ya riga kowa isa gilashi.

Ɗinki bakwai. Allah ya taƙaita.

A benci, bakin ɗakin likita,
Goggo ta shimfiɗa tafukanta a gwiwa
tana kallonsu kamar na aro.
Can ta ce, ba da ni take ba,
"Taran nan ai ba da hannu na riƙe su ba.
Da majanyi na ɗaure.
Ƙulli biyu, a nan, bisa ƙirji.
Yaya aka yi na manta?"

Kujerar yara na saya a gwanjo,
ta ci mini kuɗin mai na mako guda.
A tasha suna tsokana, wai motar ɗan gata.
Ban tanka ba.

Tabon na nan, siriri, kamar jinjirin wata.
Yanzu in na murɗa makulli
sai murya ta taso daga baya:
"Baffa, tsaya.
Ban ji naka ya ce ƙyas ba."