Makullin Sito

Ni ke riƙe da makullin sito,
ba don an naɗa ni ba.
Malam Bawa ne ya miƙo min shi wata Laraba,
ya ce, "Aje, Luba, gobe in amsa."
Goben nan ta shekara biyu.
Mun ji yana Birnin Kebbi, inda ake biya a kan kari.

Shi ya gyara min gwiwar hannu.
Ya ce ta dubi kwando kamar mai bin sa bashi.
Wata bakwai ina riga rana zuwa kan siminti,
jifa ɗari biyu kafin a buga ƙararrawa,
har hannun ya daina tambayata.

Sai Madam Rifkatu, 'yar Zuru,
da usur a wuya, da littafi mai jan bango.
Ta kalli jifana sau uku,
ta ce, "Wa ya ɓata ki haka?"
Ban kira suna ba.
Na zauna na warware Malam Bawa daga kafaɗata
zare bayan zare, kamar hular da aka kuskure.

Ita ce ta hau keke har Mabera,
ta zauna a zauren su Tumba daga la'asar,
ta sha ruwan randa kofi uku,
har tsohon ya yarda:
dogon wando, hijabi mai kama kai,
a dawo masa da 'yarsa kafin magariba.
Tumba, wadda in ta ɗaga hannu
sai ƙwallo ta nemi wata hanya.
Mun ci 'yan Gusau da maki biyu,
Madam ta saya mana rake a Mafara,
muka cika motar kwaleji da ɓawo da ihu.

Albashin wata biyar bai fito ba.
Ta bar littafin a kan benci, dutse a kansa.
Mun ce ba mu ga laifinta ba.
Tumba ta daina zuwa,
don tsohon ya ce da Madam ya yi alkawari,
bai yi da kwaleji ba.

An ba mu ɗan bautar ƙasa, mai kirki,
bai riƙe sunan kowa ba.
Wata goma ni ce Lamba Tara.
Bayansa malamin lissafi,
yana gindin dalbejiya yana duba takardu,
in ya ji shiru ya ɗago ya ce, "Ku ci gaba."

Yanzu in na tsaya a layin jifa
mutum biyu ke gardama a hannuna.
Ɗaya ya ce gwiwa, ɗaya ta ce yatsu.
Ƙwallon ta lashi ƙarfe, ta yi tunani,
wani lokaci ta shiga.

Jiya an manna takarda a allon sanarwa:
sabon koci, ran Litinin.
'Yan aji ɗaya suka kewaye ni, su shida,
Inno da takalmin yayanta, ta cusa masa tsumma.
"Yaya Luba, wannan zai zauna?"
Na sunkuya ina ba ƙwallo iska.
Hudu gare mu, biyu na yoyo,
ragar kuma ni da Kulu muka saƙa da igiyar shanya.

Saura min wata huɗu in ajiye riga.
Na san yadda Litinin za ta kasance:
zai tara mu a rana, ya ce mu manta da baya,
mu ce to.
Mun iya cewa to. Shi muka fi yi wa atisaye.

Da yamma na bi ta kasuwa
wurin mai yankan makulli kusa da masu albasa.
Ya goga, ya hura, ya gwada su baki da baki.
Na sami Inno tana jifa ita kaɗai,
gwiwarta a karkace, ba wanda ya taɓa ta tukuna.
Na buɗe tafinta na sa.
Na ce, "Aje."
Ban ce gobe ba.