'Yar Katafila

Kuɗin sallamata daga hukumar ruwa
na ƙulle su shekara biyu ban taɓa ba,
sai da filina na Dambuwa ya gagari diga.
Marmara ce a ƙarƙashinsa, ja, mai taurin kai.
Arzika da yaransa huɗu sun yi kwana tara,
ramin salga bai kai musu ƙugu ba.

Nomau bakanike ya nuna mini ita a waya:
'yar Sin ce, ta hannu, an yi mata sabon fenti ruwan ɗorawa,
ta ɗaga hannu sama kamar ƙarin kunama.
Luba ta leƙa ta ce, "Tsohon ga, mi kaka yi da katafila?
Teburin ɗinkina ya ɗara ta faɗi."
Na ce da araha na same ta.
Ta ce, "Araha ba ta ado," ta koma kan tsinin allurarta.

Ran Talata tirela ta sauke ta bakin kwalta.
Littafinta da rubutun da duk unguwa ba mai karantawa.
Sanduna biyu a gabana.
Na ja ta hagu, ta juya dama,
na ce mata tsaya, ta rushe garken tumaki.
Yara a kan katanga har da tafi.

Kwana na uku haƙoranta suka kama.
Na ji ƙarar marmara ta bi ƙarfe ta shigo ƙashin bayana,
guga ya taso cike, jar ƙasa na zuba ta gefensa,
ni da gwiwata ke ƙara in na tashi daga raka'a
yau ga ni ina ɗaga dutse da yatsu uku.
Daga sallar asuba zuwa hantsi muke yi,
in rana ta take sai ta hau tari, ta ɗau zafi,
in jiƙa buhu in rufa mata a ka.
Gas kuwa tana sha kamar ba da kuɗi ake saye ba.

Tiyon mai ya fashe ran Alhamis, ya wanke mini riga.
Nomau ya zagaye Buzaye bai sami irinsa ba,
ya ce sai Kano, sai mako mai zuwa,
ya naɗe shi da robar taya, ya ce a yi ta addu'a.

Ba tiyon ne ya ba ni kunya ba.
Ran Asabar, dab da katangar Malam Jelani,
guga ya ciji wani abu mai laushi,
ruwa ya yi tsalle ya wuce tsayina.
Shekara talatin da ɗaya ina sa hannu a takardar gargaɗi
ga masu haƙa ba su tambayi inda bututu ya bi ba.
Gida bakwai suka kwana da busasshen famfo.

Arzika na zaune gindin darbejiya tun safe,
digarsa jingine, ba wanda ya kira shi.
Ya taso a hankali ya duba ramin.
"Da ka tambaye ni da na hwaɗa maka.
Ni nib binne shi, bara waccan."

Shi ya shiga ya ɗaure bututun.
Shi ya fidda kusurwoyi huɗu da diga,
don guga bai san kusurwa ba, sai dai ya kwarfa.
Da ya fito yana share laka a goshi
ya daɗe yana kallon kujerar.
Na sauka, na miƙa masa makulli.

Bai rushe komai ba.
Kafin azahar ya ja harsashin ɗakin baƙi
miƙaƙƙe kamar da igiya,
ni kuma ina ƙasa, riƙe da jarkar gas,
ina nuna masa inda ya riga ya sani.