Kafin Ka Karɓi Makulli

Sada, na ji an ce hutun yara ya zo
kana son hayar motar nan mai ɗaki a ciki,
mai katifa biyu da murhun gas da tankin ruwa.
Zauna tukuna. Na riga ka shan wannan rana.

Bara, can bayan Ƙofar Ƙaura,
Alhaji Bature ya miƙo mini makulli yana murmushi.
Na ga fenti kore shar, na ga labule mai furanni,
ban sunkuya ba.
Kyan ɗan maciji, ƙanena.

Kai ka sunkuya.
Sa yatsa cikin zanen taya;
in ka ji sumul kamar sanƙon Kawu Lurwanu,
yi sallama ka kama hanya.
In ya nuna maka safaya, ka ce ina jak?
Tamu safaya na nan, lafiya lau,
jak ne ya tafi unguwa.
Gaba da Mashi kaɗan muka gane haka,
awa uku a gindin tsamiya,
Gwaggo Dela na jan carbi tana harara ta,
yara suka cinye dambun naman kwana uku,
Marka ta ƙirga jakuna goma sha tara.

Ka zagaya motar da wayarka a hannu,
kowane ƙarce, kowace lotsawa ka ɗauke ta hoto
a gaban mai ita, ba a bayan idonsa ba.
Ni na biya kuɗin madubin da ya tsage
tun kafin a yaye Marka.

Magana kuma a sa ta a takarda:
mai na wa, gyara na wa,
kafin alƙalami nawa, yaushe zai dawo hannunka,
ƙarfe nawa ne ranar take ƙarewa.
Ni na iso bayan magariba da minti kaɗan,
ya ce wata rana ta shiga.
Baki yana mantuwa, tawada ba ta yi.

Takardun mota ka karanta kwanan watansu da kanka,
don mai shinge a hanya bai san Alhaji Bature ba,
kai ya sani.
Allurar mai kar ka yarda da ita,
tamu tana rabi har injin ya yi tari ya yi shiru.
Kunna murhun a nan, kafin shinkafa ta jiƙa.
Shinshina tankin ruwa;
namu shayinsa kananzir yake tunawa.

Sai lissafin mutane.
Mu bakwai muka ce.
Da asuba na fito na tarar da goma sha ɗaya,
har da ɗan maƙwabta riƙe da ƙullin kayansa,
wai uwarsa ta ce a gaida Daura.
Ka faɗi ranar tafiya ga wanda za shi kawai.

Kada dare ya same ka a kan kwalta.
Kwana a ƙofar gidan dangi, cikin gari,
inda za a aiko muku da tuwo ko ba ku nema ba.

Mu ma haka muka yi, a Daura, ƙofar gidan Inna Kulu.
Ruwan Agusta ya sauko kan rufin nan
kamar ana sheƙar gero a faranti.
Yara suka ƙi shiga gida, suka cusu kan katifa,
Gwaggo Dela, wadda tun rasuwar Malam
ba wanda ya ga haƙorinta,
ta fara ba su labarin zuwanta rijiyar Kusugu tana yarinya,
ta yi dariya har ta nemi ruwa.
Rufin na ɗiga wuri ɗaya tak,
daidai kaina.
Ban matsa ba.

Saboda haka ka yi hayar, Sada.
Amma ka sunkuya tukuna.
In kuma ka ƙirga ka ga kujera ta rage,
ina da jak nawa na kaina yanzu.