Lissafin Takalma

Ni ba malamin ƙidaya ba ne,
ladan ne, muryar ma ta dushe,
amma kullum in na kira assalatu
takalman ƙofa nake ƙirgawa.

Kurmin Jatau, gabas da Zariya,
inda Galma ke karya kwana.
An ce maharbi ne ya ɗaure jaki
gindin ɗorawa, ya ƙi komawa.

Ya sari kurmi, ya shuka dawa,
jikokinsa suka kama auduga.
Kakana ya kai dami uku tasha,
ya dawo bisa keke, yara na bi,
mata ta kan danga suna leƙowa.

Ubana ya ci zamanin taba.
Ɗakunan gasa ganyen na nan tsaye,
jemagu ne a ciki ke hutawa.

Mu kuwa rake muka tarar,
doki na zagaya injin matsa,
mazarƙwaila na tafasa a kasko,
ƙamshinta har titi yake kaiwa.

Ran da na karɓi wannan aiki
sittin da bakwai na ƙirga,
har da na yara, hagu a dama.
Yau sha tara, duk sun sha ɗinki,
na Malam Dogara waya ke riƙewa.

Tanimu na Agege bisa babur,
Barau na tallan albasa a Fatakwal,
Shekarau na gadin wani gida a Abuja
mai ciyawar da ake ba ruwa,
ba a bar ko akuya ta ci ba,
aski kawai ake yi mata, sai zubarwa.

Ƙarshen wata wayar Lantana kan yi ƙara,
a sayi kwano, a sauke bunu,
a shafe ɗaki, a sa masa kwaɗo.
Gizo-gizo ke tarewa.

Bana taki ya fi ƙarfin Mati.
Tumatir ya yi, kasuwa ta faɗi,
kuɗin kwandon ya fi abin cikinsa,
muka yanka, muka baza a dutse
muna roƙon rana ta yi busarwa.

Jiya dai na ƙirga ashirin.
Wani kambas fari, ban san shi ba,
ƙasar da ke jikinsa ba tamu ba ce.
Aka ce ɗan Talle ne ya sauka da dare.

Ko zama ya zo, ko sayar da fadamar ubansa,
ban tambaya ba.
Na ga hadari ya taso ta Kufena,
na ɗauke takalmin, na sa a rumfa,
kada ya jiƙe kafin a yi sallamewa.